Ruwan Sama Yana Kwashe Mini Ƙasar Lambu: Kankare Zan Zuba ko Akwai Wata Dabara?

Uwargida, Rikkos:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar ƙasa. Gidanmu yana kan gangare, kamar yawancin gidajen wannan ɓangare na Jos, kuma a bayan ɗakuna akwai ɗan fili inda nake shuka alayyahu da kabeji da attarugu, ga kuma zogale a jikin katanga. Tun da damina ta kankama, duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi sai in tarar da baƙar ƙasar da na sha wahalar haɗawa da taki ta taru a bakin kafar katanga, wata ma ta fice ta bi kwata. Yanzu ruwan ya tsaga lambun gida biyu, saiwoyin kabeji suna waje, abin da ya rage a tsakiya kuwa jar ƙasa ce da tsakuwa. Maigida ya kawo magini ya duba, shi kuma ya ce a zuba kankare a wurin gaba ɗaya, a bar mini tukwane in riƙa shuka a ciki. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin daga wannan lambu muke cin ganye duk shekara. Me kuke gani?

Injiniya, Rayfield:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin kowa ya ce a yi kaza, ina so ki gaya mana abu guda: ina ruwan kwanon gidanku yake sauka? Akwai indararo, ko kuwa ruwan yana zuba ne kai tsaye daga bakin kwano?

Uwargida, Rikkos:
Babu indararo, Injiniya. Rufin ɗakuna uku da na kicin duk baya suka karkata, saboda haka a saman lambun ruwan yake zuba.

Injiniya, Rayfield:
To, a nan matsalar take, kuma lissafinta ba shi da wuya. Idan aka yi ruwan sama na milimita 1, kowace murabba'in mita ta rufi tana tara lita 1. A ce rufin da ya karkata zuwa lambunki ya kai murabba'in mita 100, wanda ba wani babban rufi ba ne, ruwan yamma ɗaya mai milimita 30 zai sauke miki lita 3,000, wato jarka 120 ta lita 25, kuma duk a kan siririn layi ɗaya a gindin bango, sau da yawa cikin ƙasa da awa guda. Jos tana samun wajen milimita 1,400 a shekara, mafi yawa tsakanin Afrilu da Oktoba, don haka wannan rufi kaɗai yana zubar da kusan lita 140,000 kowace damina. Babu kabejin da zai iya tsayawa a gaban wannan. Ruwan da yake faɗa wa lambun daga sama kai tsaye bai kai rabin ɓarnar ba. Shawarata ta farko ita ce a sa indararo a tsawon bakin kwanon, a haɗa shi da bututu zuwa tanki ko duro, sannan a yi wa tankin mafita ta sama, saboda duron lita 200 cika zai yi tun ruwa bai yi nisa ba, kuma rarar dole a san inda za ta nufa.

Magini, Bukuru:
Da izinin manya, ina so in kare abokin sana'ata wanda ba ya nan. Mutane suna ɗauka mu magina siminti kawai muka sani, amma akwai dalilin da ya sa muke faɗin haka. Na sha shiga gidajen da ruwa ya kwanta a gindin bango shekara da shekaru, har danshi ya hau bulo, fenti ya kumbura, filasta ta zube, wani lokaci harsashin ginin ya zauna bango ya tsage. Gyaran wannan ya fi kuɗin kabejin shekara goma. Mai gida yana duba gininsa ne, kuma yana da gaskiya. Kankare yana raba ruwa da gini, ba ya tara sauro, ba ya ɓoye maciji, a share shi da tsintsiya a wuce. Ni dai a ganina, gidan da yake kan gangare a garin da ake ruwa irin na Jos, a fara tsare ginin tukuna.

Mazaunin Gangare:
Malam magini, ina girmama sana'arka, amma ina roƙonka ka sauko unguwarmu ranar da aka yi ruwa ka ga inda ruwan kankaren yake ƙarewa. Mu ne a ƙasa. Duk gidan da aka shafe tsakar gidansa da siminti a sama, ruwansa ba ɓacewa yake yi ba, kafa ake huda masa a katanga ya fito da gudu ya haɗu da na maƙwabta, kafin ya iso wurinmu ya zama kogi, ga leda da robobi sun toshe kwata. Waɗanda suke garin nan a watan Yulin 2012 ba su manta da daren da ruwa ya yi ambaliya daga wajen madatsar Lamingo ba, ya shiga Rikkos da Gangare da Anguwan Rogo, aka rasa rayuka da dama, gidaje suka rushe. Ba na cewa siminti ne ya jawo wancan, ruwa ne mai yawa aka yi, kuma an yi gine-gine a hanyarsa. Abin da nake cewa shi ne kowane filin da ya daina shan ruwa ƙari ne a kan wanda yake ƙasa. Hajiya, don Allah idan da hali ki bar ƙasarki ta sha abin da za ta iya sha. Haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da wannan.

Tsohon Malamin Gona, Naraguta:
Na karanta bayanan kowa, kuma ina ganin magini da ɗan'uwanmu na Gangare duk suna da gaskiya, sai dai kowannensu wani ɓangare na gidan yake magana a kai. Gindin bango wurin siminti ne. A yi masa dakali mai faɗin kamar mita 1 a zagaye, a ɗan karkata shi waje, babu mai jayayya da wannan. Amma daga nan zuwa katanga ƙasa ce mai rai, kuma ƙasar sama da take tafiya a kwata ba a sayenta a kasuwa, domin ɗan kaurin yatsa guda yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya samu.

'Yata, bari in yi miki bayanin yadda ruwa yake cin ƙasa, saboda idan kika gane wannan, sauran dabarun ke ma za ki iya ƙirƙiro su. Ɓarnar hawa biyu ce. Da farko ɗigon ruwa yana dukan ƙasar da ba ta da rufi, ya farfasa dunƙulenta, ƙananan ƙwayoyin su toshe ƙofofin da ruwa yake bi ya shige. Shi ya sa bayan ruwa, idan rana ta fito, za ki ga saman fangalin ya yi ɓawo mai santsi. Da zarar wannan ɓawo ya samu, ruwan da ya biyo baya ba ya shiga, sai ya kwanta ya fara gangarawa. Hawa na biyu shi ne gudu. Idan saurin ruwa ya ninka biyu, ƙarfinsa ninkawa yake yi huɗu, kuma gwargwadon tsawon gangaren da ya samu ba tare da wani abu ya tare shi ba, gwargwadon saurin da zai tara. Saboda haka aikinki biyu ne: ki rufe ƙasa kada a dake ta, ki kuma gutsuttsura gangaren kada ruwa ya sami filin gudu.

Ina kyautata zaton kunyoyinki sun bi gangaren ne daga sama zuwa ƙasa, domin haka aka fi yi, ya fi sauƙin huɗa. Idan haka ne, kowane kwarin kunya ya zama magudana. A juya su su gicciye gangaren. Amma gicciyewar ba da ido ake yin ta ba, ido yana ruɗi, kuma kunyar da ta karkata ko kaɗan za ta tara ruwa a gefe ɗaya ta ɓalle, ɓarnar ta fi ta da. Ki ari farin tiyon nan da magina suke awon lebur da shi, ki cika shi da ruwa, ki ɗaure kowane baki a jikin sanda, sandunan biyu masu alama a tsayi ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, ɗayan ya matsa gaba yana hawa yana sauka har ruwan ya daidaita da alamar a duka biyun, sai a kafa turke a nan. Haka za a bi har a ƙure faɗin lambun. Layin da turakun suka fitar, ko da ya yi lanƙwasa, shi za a bi.

A kan wannan layi sai a jera duwatsu, abin da Allah ya hore mana a Filato ba adadi. A ɗan haƙa rami mai zurfin tafin hannu, a zaunar da manya a ciki, a cusa ƙanana ta gefen sama, tsayin duka kada ya wuce santimita 25 zuwa 30. Ba a shafa musu siminti, domin ana so ruwa ya tsiyaye ta tsakaninsu a hankali ya bar ƙasar da ya ɗauko. Bayan damina ɗaya ko biyu za ki ga bayan kowane layi ya cike ya zama shimfiɗaɗɗen mataki. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce a jihar nan. Mutanen Kofyar da ke kan duwatsun Qua'an Pan sun shahara da noma a kan irin waɗannan matakai na dutse tun kaka da kakanni, a gangaren da ya fi naki tsanani nesa ba kusa ba.

Uwargida, Rikkos:
Allah ya ƙara girma, Baba. Kamar kun ga lambun, kunyoyin daga sama suka gangaro. To ita wannan tsagar da ta riga ta samu a tsakiya fa, in cike ta da ƙasa ne kawai?

Tsohon Malamin Gona, Naraguta:
A'a, 'yata, sabuwar ƙasa sako-sako ce, ruwan farko zai tafi da ita. Ki bari a fara ɗauke ruwan kwano kamar yadda Injiniya ya ce. Bayan haka sai a datse tsagar da ƙananan shingayen dutse, kusa da kusa. A kula da abu biyu. Tsakiyar kowane shinge ya fi gefunansa ƙasa, domin ruwa ya tsallaka ta tsakiya, in ba haka ba zai zagaya ya ci gefe ya buɗe sabuwar hanya. Sannan a shimfiɗa faffaɗan duwatsu a inda ruwan zai faɗa, kada ya haƙe gindin shingen. Ruwan da kansa zai cike miki ramin da laka.

Ɗalibar Aikin Gona, Bauchi Road:
Baba, ina da tambaya. An koya mana dabarun da manoman Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso suke yi, wato ƙananan ramukan shuka da ake kira "zai" da kuma haƙa mai siffar rabin wata, waɗanda suke tare ruwa a gindin shuka. Haka kuma akwai ɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa a tsakani domin ruwa ya tsaya. Me zai hana Mama ta yi haka, tunda burin shi ne ruwa ya shige ƙasa?

Mai Lambu, Lamingo:
Ƙanwata, bari in amsa kafin Baba ya dawo, domin wannan a hannuna yake. Waɗancan dabaru na ƙasar da ruwa bai kai rabin namu ba ne, inda manomi yake kokawar riƙe kowane ɗigo. Mu a nan, daga Yuli zuwa Agusta, ƙasa a ƙoshe take, wani lokaci a kwana ana yayyafi a wuni rana ba ta leƙo ba. Idan kika tsare ruwa a gindin attarugu ko tumatir a wannan lokaci, saiwa za ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya zube. Ga kuma cutar nan mai ƙona ganyen dankalin Turawa da tumatir, wadda ba abin da take so kamar sanyi da danshi, manoman Bokkos da Mangu sun san ta sarai. Ɗaure kwarin kunya yana da amfani a farkon damina da ƙarshenta, amma a tsakiya sai a buɗe. Ni abin da nake yi, fangalin shuka a ɗage yake sama da ƙasa kamar tsawon tafin hannu, ruwa kuma yana da hanyarsa a gefe wadda na shimfiɗa wa tsakuwa.

Abin da ban ga an tsaya a kansa sosai ba shi ne rufe ƙasa, kuma ni a wurina shi ne rabin aikin. Hajiya, ki daina share lambun nan ƙal. Mun saba ganin tsabta ita ce a share har ƙasa ta yi fes, a tara ganye a ƙona, alhali wannan ganye shi ne rigar ƙasar. Ki nemi busasshiyar ciyawa wadda ba ta yi 'ya'ya ba, ko tattakar acca, ko ɓawon gyaɗa, ko ganyen ayaba, ki shimfiɗa kaurin yatsu uku zuwa huɗu a tsakanin shukoki, amma ki bar ɗan fili a zagayen kowane kara kada ya ruɓe. Ranar da aka yi ruwa ki ɗaga ciyawar ki duba ƙarƙashinta: za ki tarar da ƙasar a warware, da ramukan tana, babu ɓawon nan da Baba ya ambata. Ko ƙanƙarar da takan sauko mana a farkon damina, ganye za ta yayyaga amma ƙasar da aka rufe ba ta motsi. Inda kuma ba ki shuka komai ba, ki sa dankalin Hausa ko wake mai yaɗo ko kabewa, cikin 'yan makonni za su lulluɓe wurin.

Magini, Bukuru:
Ita wannan ciyawa da za a shimfiɗa, ba gara za ta kira ba? Gara kuwa idan ta shigo gida, ba a lambu take tsayawa ba, sai ta hau katakon rufi.

Mai Lambu, Lamingo:
Tambayarka a kan hanya take. Gara takan zo, musamman idan ciyawar ta bushe ƙarau, kuma a cikin lambu ba ta cika ɓarna ba, ramukanta ma suna taimaka wa ruwa shiga. Amma kada ciyawar ta taɓa bango ko ƙyauren katako. Dakalin simintin da Baba ya ce a yi, shi ne iyaka tsakaninsu. A nan kam aikinka ne.

Tsohon Malamin Gona, Naraguta:
Mai lambu ya amsa wa ɗalibarmu daidai, ba ni da ƙari. Saura maganar shuka mai riƙe ƙasa, domin dutse yana tare ƙasa amma ba ya ɗaure ta. A bayan kowane layin dutse ina ba da shawarar jema, ciyawar nan da ake samu a fadama ana saƙa zana da ita. Saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta yaɗuwa gefe ta yi gasa da kayan lambu, kuma tushenta a dunƙule yake zama inda aka dasa shi. A raba tushen ƙanana, a datse ganyen, a dasa a jere da tazarar santimita 10 zuwa 15. Kusancin nan shi ne sirrin, idan aka bar giɓi ruwa zai taru ya bi ta nan da ƙarfi. In ba a sami jema ba, gamba tana yi, haka ma ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo, wadda ta fi dacewa da ƙaramin gida tunda ana sha. A riƙa aske ta daidai gwiwa, abin da aka yanke a shimfiɗa a fangali, hakan kuma ya kawar da tsoron maciji da magini ya ambata.

Abu biyu nake gargaɗi a kansu. Kada ki kawo ƙirƙiri, ciyawar nan mai yaɗo, kusa da fangali, yana riƙe ƙasa ƙwarai amma idan ya shiga cikin kabeji ba za ki iya raba su ba, wurinsa hanyar ruwa da bakin katanga. Kada kuma wani ya ba ki shawarar itacen turare don ya ga an dasa shi da yawa a tsofaffin filayen haƙar kuza. A can ya yi amfani, amma a bayan ɗaki zai shanye danshin lambun da rani, ƙarƙashinsa kuma ba abin kirki da yake fitowa.

Injiniya, Rayfield:
Ina so in koma kan rarar tanki, saboda ita ce za ta yanke ko ɗan'uwanmu na Gangare zai sami sauƙi ko a'a. Hanya mafi kyau ita ce a kai ta wani rami da aka cika da duwatsu da tsakuwa, ta shige ƙasa a hankali. Sai dai ba kowane gida a Jos ne zai karɓi wannan ba, wani wurin kamu biyu za ka haƙa ka ci karo da dutse ko marmara. A gwada tukuna: a haƙa rami mai zurfin gwiwa, a cika shi da ruwa, a dawo washegari. Idan ya shanye, wurin ya yi. Idan ruwan yana nan kwance bayan kwana biyu, a haƙura da ramin, domin sauro cikin mako guda zuwa kwana goma yake ƙyanƙyashewa ya tashi. Ramin ya yi nesa da harsashin gini da aƙalla mita 5, ya kasance ta ƙasan gidan, kada kuma ya kusanci rijiya ko masai, ko katangar maƙwabci. Inda ramin bai yiwu ba, sai a bi da ruwan ta hanya mai faɗi marar zurfi, shimfiɗe da duwatsu, har zuwa kwata. Zai fita, amma a makare kuma ba da laka ba, wannan ma ragi ne babba ga na ƙasa.

Mazaunin Gangare:
Ko wannan aka yi mun gode, Injiniya. Lakar ce take cike mana kwata, ita muke kwasa da shebur duk ranar Asabar.

Magini, Bukuru:
Na yarda da indararo da dakali, su ne dama abin da zan fara yi ko a gidana. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne katanga. Idan ƙasa ta taru a bayan layukan dutse tana shan ruwa, nauyinta zai ƙaru, kuma katangar ƙasan lambun ita za ta ɗauka. Bulo mai inci 6 da ba a yi masa ginshiƙai ba, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya tura shi. Hajiya, layin dutse na ƙarshe kada ya jingina da katanga, a bar tazara, kuma kafofin da ke gindinta kada a toshe su don ganin ƙasa tana fita ta nan. A ƙara yawansu ma, a tara tsakuwa a bakin kowace ta ciki, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya.

Uwargida, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa maigida bayanan nan, ya amince a fara da indararo da dakali, sauran aikin dutsen kuma ni da yara za mu yi. Baba, tambaya ta ƙarshe: kayan da suke cikin lambun yanzu, in tumɓuke su ne in juya kunyoyin, ko in jira rani?

Tsohon Malamin Gona, Naraguta:
Kada ki tumɓuke komai, kuma kada ki yi babbar huɗa a tsakiyar damina, ƙasar da aka motsa yanzu ita ruwa ya fi saurin ɗauka. Ki rufe abin da yake tsaye da ciyawa, ki mayar wa saiwoyin da suka fito ƙasa daga wadda ta taru a bakin katanga, ki jera duwatsun a tsakanin shukokin yadda layin ya ba da dama. Jemar kuwa yanzu ne lokacinta, tana buƙatar makonni kafin ta kama, gwamma ta kafu kafin ruwan Agusta. Juya kunyoyi sai kin cire wannan amfanin, wajen Oktoba ko Nuwamba, lokacin ƙasa tana da sauran danshi kuma ruwa ya ja baya. Masu saƙa zana su za ki tambaya inda suke yankan jema, amma ki gaya musu da saiwa kike so, kuma a dasa ta a ranar da aka haƙo.